Inda Kujerar Take

"Ku mayar da kujerar nan inda kuka same ta," in ji Noelene.

Mutum biyu ne suka kawo mata gadon asibiti, suna neman inda za su kafa shi a falo. Ciwon daji ya gama cinye maƙwabciyar tawa, muryar kaɗai ya bari.

"Mama, da ke za a ji ko da kare?" 'yarta Kerryn ta ce.

"Ni ina gani," in ji Noelene. "Biddy fa?"

Aka matse gadon a jikin taga. Shekara uku ko tsintsiya ba a canja wa wuri ba a gidan, don Biddy da ƙafa ta haddace shi.

Biddy karyar korar shanu ce, ni na ba Noelene ita tana 'yar kwikwiya. Shekara arba'in ina kiwon irin karnukan nan a wajen garin Warwick. Likitan dabbobi ya taɓa cewa in kawo yawun uwar Biddy da na ubanta a gwada ko suna da ciwon ido na gado kafin in haɗa su. Na ce masa ban yi karatu mai nisa ba, amma ba yaro ne zai koya mini idon kare ba. Biddy na shekara biyar ta fara karo da ƙofa in rana ta faɗi. Kafin ta kai bakwai idon ya mutu, kuma ba magani. Sai a lokacin na kai yawun gwaji a ɓoye. Uwar da uban duk suna ɗauke da ciwon. Na cusa takardar a akwatin motata.

Da masu kawo gadon suka tafi, Noelene ta yafito ni.

"Merv, tsohon rigima, zauna. Maganin ciyawar nan da na fesa a shekarar da Biddy ta fara karo da ƙofa, shi ya kashe mata ido ko? Likitan dabbobi ya ce wai ciwon gado ne. Na ce masa bai san jinin karnukan Merv ba."

Takardar tana cikin motata a ƙofar gida, taku ashirin daga inda nake zaune.

"Wa ya sani," na ce. "Sha shayinki, zai huce."

Na yanke cewa ran Asabar zan faɗa mata. Ta rasu ran Juma'a da hantsi.

Bayan mako biyu Kerryn ta kwashe kayan gidan, ta kira ni in zo in ɗauki karyar. Falon fayau, sai shaidar ƙafafun kujera a kan kafet. Na kira Biddy. Ta fito daga kicin a hankali, ta kewaye kujerar da babu, ta kwanta daidai inda ƙafafun Noelene suke sauka.