Shuɗin Farcen Auta

Nas ɗin ta ɗaga hannun Auta da yatsu biyu, kamar wadda ta tsinto tsumma a kwata, ta juya shi wajen taga don kowa ya gani.

"Ku duba mini nan don Allah. Wai mara lafiya ke nan."

Faratan nan sai sheƙi suke yi, shuɗi mai duhu, an shafa shi tsaf babu inda ya taɓa fata. Matan da ke jere a benci suka miƙo wuya. Wata ta taɓe baki, wata ta janye 'yarta zuwa jikinta.

Kafinta yana tsaye da katin asibiti a hannu, garin katako bai ma bar gashin girarsa ba, don daga bakin aiki aka kira shi. 'Yarsa ce a kan kujerar robar, autarsa, shekararta goma sha tara. Kafaɗunta na hawa suna sauka, ƙirjinta na fito kamar an hura bututu. Tun tana ƙarama take fama da asma, amma yau ta shaƙi maganin har ya ƙare bai saurara mata ba.

Nas ta maƙala mata ɗan abin awon iskar jini a yatsa. Lambobi suka ƙyafta, suka ɓace. Ta sauya yatsa, suka sake ɓacewa. Ta ja tsaki ta cire.

"Fentin nan ya tare hasken, ba ya karantawa. Sai an goge. Ni ba zan rubuta ƙarya ba, likita kuma ba ya ganin kowa sai da awo."

"Ranki ya daɗe," in ji Kafinta, "numfashin nata ne, ki taimaka..."

"Da ta zauna ana yi mata wannan kwalliyar ai numfashin bai ƙare ba. Mun saba ganin irinsu. Su je su sha abin da za su sha, a kwaso mana su. Baba, kai ka haife ta? Da furfurarka kake bari tana fita haka?"

Wani zafi ya taso masa tun daga wuya har kunnuwa. Ya ji idanun bencin nan duk sun bar yarinyar sun dawo kansa. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Wallahi ni ma na yi faɗan har na gaji. Ba ta jin magana."

Auta ta ɗago kai ta dube shi. Ba ta da iskar da za ta yi magana da ita. Kallon kawai ta yi masa, sannan ta naɗe yatsunta ta cusa su ƙarƙashin mayafi.

"To je ka nemo ruwan gogewa," in ji nas. "Na gaba!"

* * *

A bana shuɗi ake yayi. Duk inda ka juya, a mota, a banki, a allon talla, hannun mace ne da shuɗin farce. Auta a shagon kayan kwalliya take aiki, kuma dokar mai shagon ce: duk abin da ake yayi, sai an fara ganinsa a hannun yaran shago, don hannunsu shi ne tallar.

Ranar da ta fara shigowa gida da shi, dariya Kafinta ya yi. "Wai me sunansa?"

"Jan farce, Baba."

"Jan farce kuma shuɗi? To ni gobe zan sayar da farin allo baƙi."

Ta yi dariya har da tari, uwarta na cewa ya bar ta haka kar ya tayar mata da ciwo. Dariyar ba ta yi sati ba. Mai wanki na bakin layi ya tare shi, ya ce shi dai gaskiya zai faɗa, yaran kirki ba sa irin wannan. Matar maƙwabci ta hana 'ya'yanta shiga gidan. Kowa ya san tun da aikin katako ya ja baya, albashin Auta ne ke ɗora tukunya, amma ba wanda ya ga wannan, farce suka gani. Shi ma sai ya fara gani da idonsu.

"In na goge, Baba, madam za ta ce in zauna a gida," ta ce masa rannan, kanta a ƙasa. Ya yi ta faɗa. Da ya gama bai ce ta bar aikin ba, ita ma ba ta tuna masa dalili ba.

Duk wannan yana yawo a kansa yana sauri a titi. Mai tebur na ƙofar asibiti ya ce shi ruwan sha da biskit yake sayarwa. A kantin magani aka ce ba sa ajiye kayan mata. Wani mai aski ya nuna masa shagon gyaran gashi, ya tarar da kwaɗo a ƙofar, an ce mai shi ta tafi ɗauko yara daga makaranta. Ya tuna da galan ɗin tina, ruwan narkar da fenti, da ke ƙarƙashin bencinsa na aiki, wanda ɗigo biyu kawai zai wanke fentin nan, amma wurin aikin yana can ƙarshen gari. Ya tsaya a tsakiyar rana yana juyi, bai san gabas ba bai san yamma ba. Sai bayan ya wuce shataletale ya samu wani kanti. Yarinyar kantin ta tsaya tambayarsa mai ƙamshin lemo yake so ko marar ƙamshi.

Da gudu ya dawo, gudun da rabonsa da shi shekara ashirin.

* * *

Wani tsoho ne zaune a kujerar robar. Matan benci suna ganinsa suka sunkuyar da kai.

"Ta faɗi ne," in ji wadda ta taɓe baki ɗazu, muryarta can ƙasa. "Sun shiga da ita."

A ɗakin ciki ya same ta, an kwantar da ita, an riga an cire mata robar iskar daga fuska. Wani matashin likita yana tsaye, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dubi Kafinta, ya dubi 'yar kwalbar da ke hannunsa.

"Wannan fa, Baba?"

"Na goge farce ne. Cewa aka yi abin awo ba ya karantawa."

Likita ya juya ya dubi nas ɗin, wadda ta duƙufa a kan rajista tana rubutu kamar ba a ɗakin take ba.

"Ai ko a kunne ana maƙala shi," ya ce a hankali. "Ko a yatsan ƙafa. Mai irin wannan numfashin ma ba a jiran awo." Ya goge goshi da bayan hannu. "Ka yi haƙuri, Baba. Mun yi iya yinmu, an makara."

Kafinta ya so ya yi ihu, ya so ya kifar da teburin nan da rajistar da ke kai. Amma me zai ce wa matar? Abin da ta faɗa, ai shi ya sa mata hannu a gaban jama'a. Ya zauna a bakin gadon, ya buɗe kwalbar, ya jiƙa gefen rigarsa. Ɗaya bayan ɗaya ya goge su, a nutse, yadda yake goge ƙofar da zai miƙa wa mai ita. Da fentin ya fita, sai ya ga naman da ke ƙarƙashin farcen shi ma ya koma shuɗi.

* * *

Kwana uku gidan na cike. Ana yi masa gaisuwa, ana cewa yarinya ce mai ladabi. Ta bayan labule kuma yana jiyo wata tana tambaya ƙasa-ƙasa, wai da gaske ne da abin nan a hannunta ta cika? Mai wanki ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya ce Allah ya yafe mata kurakuranta.

Da mutane suka watse, uwar Auta ta zauna kusa da shi a tabarma. Idanunta sun kumbura.

"Malam, da matar nan take ci mata mutunci, kai me ka ce?"

Ya dubi bango.

"Na san ba za ka yi shiru ba," ta ce. "Na san ka tare mata. Shi ne kawai ke sanyaya mini rai."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta ɗauki shirun a matsayin amsa, ta tashi ta shiga ɗaki.

* * *

Bayan sati biyu mai shagon ta aiko a zo a ɗauki jakar Auta. Bai taɓa shiga wurin ba sai ranar. Sanyin na'ura ya buge shi, ga madubai ta ko'ina suna nuna masa tsufansa. Madam ba ta nan, an ce ta tafi sarin kaya, amma ta bar saƙon gaisuwa.

Wata sabuwar yarinya ce a bayan kanta, ba za ta wuce sa'ar Auta ba. Ba ta san ko shi wane ne ba. Kafin a fito da jakar, ya tsaya a gaban wani kwando da aka ajiye a bakin ƙofa, an zuba ƙananan kwalabe a ciki birjik kamar tarkace. Ya ɗauki ɗaya yana juya ta a tafin hannu.

"Baba, wa 'yarka za ka saya?" in ji yarinyar da fara'a.

Ya ɗaga kai alamar e.

"To kar ka kai mata wannan, dariya za a yi mata. An daina yayin shuɗi tun satin jiya." Ta shimfiɗa yatsunta goma a kan gilashin kanta don ya gani da kyau. "Yanzu kore ake yi."