Tawadar Allah a Gefen Hancin Auta

"Kada ki motsa," in ji likita, ta riga ta ɗora siririyar reza a gefen hancin Auta.

Allurar kashe zafi ta kama, don haka Auta ba ta ji komai ba sai ɗan karce-karce kamar ana feƙe fensir. Tawadar Allah ce mai tudu, ta kai ƙwayar wake, da ita aka haife ta shekara arba'in da uku da suka wuce. Bara ta soma girma tana ƙaiƙayi, in ta goge fuska sai ta ga jini a tawul. Likita ta ce a aske ta daidai da fata, a aika ɗakin gwaji.

"Har an gama?"

"An gama." Likita ta jefa ɗan baƙin naman cikin kwalba, ta manna mata filasta. "Bayan mako biyu ki dawo karɓar sakamako. Yawanci ba komai ba ne."

"Yawanci?"

"Yawanci," likita ta sake cewa, tana cire safar hannu.

Auta ta fito ba ta san ko murna za ta yi ko tsoro za ta ji ba. Ta hau bas ɗin da ba nata ba, sai da aka wuce tasha biyu ta farga. Ta fasa buɗe shagon ɗinkinta, ta nufi gidan Yaya, babbar yayarta, inda mahaifiyarsu ke zaune tun da idonta ya daina gani, tunaninta kuma ya soma zuwa yana komawa.

Yaya na shanya kaya a tsakar gida ta hango filastar. "Oh, ni! Shekara arba'in ƙudan nan na zaune a fuskarki, yau kin kore shi?"

Auta ta yi dariyar yaƙe ta shige ɗaki. Inna na kishingiɗe, rediyo na magana shi kaɗai a gefen filo. Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Kamar kullum, Inna ta miƙo hannu ta shafa goshi, ta gangaro gefen hanci. Yatsun suka tsaya a kan filasta. Suka danna, suka zagaya, suka koma ɗaya gefen ko tawadar tana can.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Inna. Auta."

"A'a." Inna ta janye hannu. "Muryar dai ta yi kama."

Yaya ta leƙo da jiƙaƙƙen zane a kafaɗa. "Haba Inna, Autarki ce fa! Likita ce ta cire mata abin."

"Kar ki mai da ni yarinya. Ba ga warin asibiti a jikinta ba? Kun kawo mai allura, kuna ce min Auta ce."

Yaya ta rantse, ta sake rantsewa, ta kawo sunan mijin Auta da na 'ya'yanta. Inna sai ƙara matsawa jikin bango take, numfashinta na sama-sama. Auta ta kai hannu za ta ɓare filastar, sai ta tuna babu komai a ƙarƙashi, ɗanyen miki ne kawai. Ta yi wa Yaya alama da hannu ta bar maganar. Yaya ta fita tana share ido da jiƙaƙƙen zanen.

Can Inna ta laluba ta kamo hannun Auta, ta ji kantar almakashi a gindin babban yatsa.

"Ashe kina ɗinki? Autata ma tela ce."

"Allah sarki," in ji Auta.

"Matso." Inna ta rage murya. "Tana da wani abu nan, gefen hanci. Zuwanta na ƙarshe na ji ya ƙara girma. Ban ce komai ba don kada in tayar mata da hankali, amma tun ranar abinci ba ya min daɗi. Ke da kike asibiti, in kun haɗu ki lallashe ta ta je a duba mata."

Auta ta dubi ƙofa, ba Yaya. Gefen hancinta ya fara zogi, allurar ta sake ta.

"Zan faɗa mata, Inna."

"Amma kar ki ce ni na aiko ki," in ji Inna, ta gyara kwanciya. "Taurin kai gare ta. In ta ji daga bakina ne, ba za ta je ba."