Eriya ta Uku

Shekara goma sha tara ina tuƙi, ba a taɓa duban tsabar idona aka ce mini maƙaryaci ba sai ranar Litinin ɗin nan. Wanda ya faɗa ɗin ma bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Nabil sunansa, sabon mai kula da motoci a ƙungiyar da nake wa aiki. Aikina kai magunguna ƙananan asibitocin ƙauye, ta wajen Giwa har can ciki inda kwalta ta ƙare. Ya kira ni ofis, ya juyo mini da kwamfuta.

"Malam Labaran, ka ga wannan jan ɗigon? Motarka ce. Sati uku tana tsaye a ƙofar gidanku a Ƙofar Kibo. Kai kuma takardarka ta nuna ka fita sau tara."

"Yallaɓai, ga sa hannun masu karɓar kaya."

"Sa hannu kowa ma zai iya yi. Ko ɗan acaba ka ba kayan ya kai, za a sa maka hannu. Ni rekod nake bi."

Ni da bayana yake ciwo saboda ramukan hanyar nan, ni za a ce ina kwance a gida. Ya ce ranar Juma'a ƙarfe goma kwamiti zai zauna. Ko in kawo hujjar cewa na'urar ce ta lalace, ko in ajiye makulli. Ina da mata da 'ya'ya biyar, ga Inna a ɗakinta, kuma ban iya wata sana'a ba sai riƙon sitiyari.

Na'urar da ake magana a kanta wani allo ne a gaban motar mai nuna taswira. Yana samun labarin inda kake daga tauraron ɗan'adam ta wata 'yar baƙar eriya kamar kwalin ashana, manne a kan dashbod, gindin gilashi. Shi ne kuma yake aika wa ofis. Ni ban taɓa kallonsa ba. Hanyar da na sani kamar tsakar gidanmu, me allo zai koya mini a kanta?

Daga ofis na wuce Kufena wurin Aƙilu, mai gyaran wayoyin mota. Mutum ne marar yawan magana, mai gyara yana sauraron rediyo. Ya shiga motar, ya yaye shimfiɗar da ke kan dashbod ya jefa kujerar baya, ya ɓanɓare tsohuwar eriyar ya jujjuya ta.

"Rana ce ta dafa ta," in ji shi.

Ya sa sabuwa. Kafin ya gama goge hannu, ɗigon ya yi tsalle daga Ƙofar Kibo ya dira Kufena, daidai inda muke. Na yi hamdala, na mayar da shimfiɗata na gyara mata zama, na tafi. Shimfiɗar nan matata Sa'ida ce ta ɗinka, koren yadi mai kauri da geza, don kada rana ta tsattsaga dashbod. Duk direban da ya san ciwon mota yana da irinta.

Talata na yi ƙauyuka huɗu. Laraba da safe Nabil ya bugo waya.

"Malam Labaran, ka bar Ƙofar Kibo ka koma Kufena da kwana ne? Tun Litinin motar tana can."

Ban san lokacin da na kashe wayar ba. Na isa wurin Aƙilu ina huci. Ya saurare ni har na gama, ya ce wataƙila an samu marar kyau a cikin kwalin, yakan faru. Ya yaye shimfiɗa, ya cire, ya sa ta biyu, ya nuna mini allon yana aiki. Na shimfiɗa abina na tafi, ko sai an jima ban ce masa ba.

Alhamis na ce yau da idona zan gani. Na fito daga gida, na bi lungu na ɓulla Limancin Kona, ina tuƙi ina leƙen allo har na kusa taka akuyar mutane. Ɗigon yana Kufena, ko gezau.

Abin da na yi a garejin nan ba zan ɓoye ba. Na yi fakin a tsakiyar hanya, na bar ƙofa a buɗe. Akwai masu jiran gyara a kan benci, akwai mai shayi, akwai makanikai na gefe. A gabansu na ce wa Aƙilu macuci. Na ce kayan bola yake wankewa ya sayar wa mutane. Na ce idan aka kore ni gobe, 'ya'yana zan kwaso in zube masa a ƙofar shago ya ciyar da su. Har na ce mutane su yi hattara da shi, wani mai jan Golf ya tashi ya shiga motarsa ya tafi.

Aƙilu ya kashe rediyo. Ban taɓa ganin ya kashe ta ba.

"Malam Labaran, ka girme ni, ba zan rama ba. Amma yau ba za ka bar nan da sunana a bakinka haka ba."

Ya shiga shago ya fito da eriya a ledarta, ya yage a gaban kowa, ya ɗaga ta sama. Ya sa ta. Ya danna wani wuri a allon, wasu sanduna suka fito a jere.

"Kowace sanda tauraro ɗaya ce. Ƙirga."

"Tara."

"To tayar da mota. Tare za mu."

Muka fita, shimfiɗar tana kujerar baya inda ya jefa ta. Ɗigon ya bi mu tiryan-tiryan, kowace kwana muka sha sai ya sha. Ni haushi ma ya ƙara kama ni, don na ga abin yana so ya kunyata ni a gaban mutumin da na zaga. Da muka kai bakin Ƙofar Kibo na tsaya.

"A gabanka ne take yi," na ce. "Kana sauka za ta mutu."

Rana tana dukan dashbod, sai na miƙa hannu baya na jawo shimfiɗar na baza, kamar yadda na saba.

"Tsaya," in ji Aƙilu.

Sandunan suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Tara, biyar, biyu, babu. Ya ɗaga shimfiɗar, suka fara dawowa. Ya mayar, suka tafi. Sai ya ɗora ta a cinya yana lalubawa da yatsu, ya tsaya a tsakiya, daidai inda take hawa kan eriya. Ya lanƙwasa wurin, muka ji ƙaras.

"Yadi ba ya tare tauraro. Ƙarfe ne ke tarewa. Me ke cikin nan?"

"Soso ne."

Ya ciro reza daga aljihu ya farke ɗinkin. Tsakanin soso biyu ga fallen gwangwani, an buge shi ya yi faɗi kamar tafin hannu biyu, an ninke bakinsa. Ya ɗan buɗe gefe. Takarda ce a ciki da rubutun tawada. Ya mayar ya rufe da sauri, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Wannan ba aikina ba ne. Na gidanku ne."

Na buɗe baki in ba shi haƙuri, ya riga ya sauka. Ya leƙo ta taga.

"A nan ba kowa. Inda ka faɗa, can za ka je ka janye."

Ya tare ɗan acaba ya tafi.

Na shiga gida da shimfiɗar a hannu kamar na kamo ɓarawo. Sa'ida tana tankaɗe a tsakar gida. Tana ganin farkakken ɗinkin ta ajiye rariya.

"Yaushe kika sa wannan?"

"Sati uku ke nan, ranar da na ce zan wanke ta. Baban Huseina, ba ni ba ce. Inna ce ta ce in sa, ta ce kada in gaya maka."

"Kin san aikina ya kusa tafiya saboda shi? Kin san mutumin da na ci wa mutunci yau?"

"Kai, zo nan. Bar yarinyar mutane."

Inna ce daga ɗaki. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Na shiga na durƙusa, amma raina yana tafasa. Na yi mata bayani dalla-dalla, da eriya, da tauraro, da Nabil, da kwamitin gobe. Ta saurara tana jan carbi.

"Wato shi na saman ba ya ganinka."

"Ba ya gani, Inna. Sati uku."

"Alhamdu lillahi. Ashe Malam Yari da ya rubuta ta bai yi mini ƙarya ba."

"Inna, gwangwanin ne. Ko gwangwanin madara aka sa haka zai yi."

"Kai ka san wannan. Ni abin da na roƙa ke nan, a rufe idon duk mai nemanka a hanya. Ya ce a sa a gaban mota, inda ido ke fara sauka."

Na ce mata korata za a yi. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar na ɗaga, har Sa'ida ta leƙo. Inna ba ta ko motsa ba.

"Haidar ma aiki ya tafi," ta ce.

Haidar ƙanena ne. Shekara huɗu da suka wuce aka tare motarsu a hanyar Birnin Gwari aka shiga daji da su. Wasu sun dawo, shi bai dawo ba, ko gawarsa ba mu gani ba. A gidanmu ba a ambatonsa sai a addu'a.

"Kullum ka fita ina jin ƙarar motarka har ta ɓace," ta ce. "Sati ukun nan ne kawai na yi barcin rana."

Na rasa wanda zan yi wa faɗa. Na tashi na fita da fushina, ban sauke shi a kan kowa ba.

Da la'asar na koma Kufena. Na tsaya a inda na tsaya da safe, na ɗaga murya kamar yadda na ɗaga, na ce ni ne na yi ƙarya, kayan Aƙilu lafiyarsu ƙalau, laifin daga motata ne. Mai shayi ya tambayi mene ne laifin, na ce ba ruwansa. Aƙilu ya gyaɗa kai, ya ci gaba da aikinsa.

Juma'a ƙarfe goma na ce wa kwamiti su fito wurin mota. Mutum uku ne har da Nabil. Na nuna musu sanduna tara. Na ɗora gwangwanin, suka ɓace. Na ɗauke, suka dawo. Sai da na yi sau uku.

"Mene ne wannan ɗin?" in ji Hajiya Fiddausi, shugabar kwamitin.

Da na so, da na ce faci ne aka yi wa shimfiɗa. Amma an riga an kira ni maƙaryaci sau ɗaya a satin.

"Laya ce. Mahaifiyata ta sa."

Nabil ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ɗayan ma ya rufe baki da fayil. Na ji kamar in kife Nabil da mari, tsohuwata ce fa suke wa dariya. Hajiya Fiddausi ba ta yi dariya ba. Ta ce an janye tuhuma, in ci gaba da aiki. Sai dai in sa hannu cewa ba zan ƙara ɗora komai a kan dashbod ba, kuma duk ranar da ɗigon ya sake tsayawa, ba sai an kira kwamiti ba. Na sa hannu.

Bayan masallaci na kai wa Inna gwangwanin. Na ce zan riƙa sa shi a aljihu, ko ƙarƙashin kujera.

"Malam ya ce a gaba," ta ce. Ta karɓa ta tura ƙarƙashin filo. "Aikin yana nan?"

"Yana nan."

"To madalla. Yanzu kowa yana ganinka ke nan."

"E, Inna."

Ranar Litinin na yi ƙauyuka biyar, ban shigo gari ba sai bayan la'asar. Nabil ya turo saƙo wai rekod ya yi kyau, ban amsa ba. Da na shiga gida na tarar da Inna zaune a bakin zaure daga ciki, inda ba ta taɓa zama ba. Kokon safe yana gefenta da kwanon rana, duk a rufe. Sa'ida ta ce tun da na tayar da mota take wurin, salla kawai ke tashinta.

Ta dube ni tun daga hula har takalmi, sannan ta jawo kokon da ya riga ya yi sanyi ta fara sha. Gobe ma ina da fita.