Faɗan Kan Gada

Mai aski ya haura sittin da biyar, kuma duk unguwar ba wanda bai san shi ne shugaban 'Yan Gada a zamanin ƙuruciyarsa ba, domin ba a tashi daga kujerarsa sai an ji labarin. Mutum an ɗaure masa ƙyalle a wuya, aska na yawo a maƙogwaronsa, ina zai gudu? Babban abokin gabarsa a wancan lokacin shi ne Sifana, shugaban 'Yan Layin Dogo, wanda yanzu tsohon bakanike ne mai ciwon gwiwa. Da duniya ta tashi yi musu dariya, sai ɗan Sifana ya auri 'yar mai aski, suka wayi gari surukai, da jika guda a tsakaninsu.

Ran Asabar da hantsi, Sifana na kan kujera ana rage masa 'yan gashin da suka saura, jikar ta shigo da littafi da biro. Shekarunta sha shida, bakinta kuwa ya fi askar kakanta kaifi.

"Tsofaffi, ku ara mini talabijin," ta ce. "Malamarmu ta ce mu kalli fim na samari 'yan daba, mu rubuta jigonsa shafi biyu."

"Ke da kike da mu, me za ki yi da fim?" in ji mai aski. "Ga littafi a tsaye, ga wani a zaune."

Ba ta kula shi ba, ta kunna. Fim ne na ƙungiyoyi biyu, yaran 'yan kasuwa masu takalma masu tsada da yaran leburori, suna rigima a kan wani fili a bayan masaƙa. Ba a yi minti goma ba mai aski ya fara tsaki.

"Dubi yadda ya riƙe sanda, kamar mai korar kaji!"

"Kuma wane shugaba ne zai tsaya yana dogon jawabi kafin faɗa?" Sifana ya ce. "A zamaninmu da tuni an zubar masa da haƙora."

Wannan ne karo na farko cikin shekara ashirin da bakinsu ya zo ɗaya, amma abin bai daɗe ba. Jikar ta tambaya ko jigon fim ɗin shi ne talauci da arziki. Mai aski ya ce sam, jigon shi ne biyayya ga shugaba. Sifana ya ce jigon shi ne shugaba mai surutu shi ke fara gudu, ya kuma kalli surukinsa ta madubi.

"Ni? Ranar faɗan kan gada mutum bakwai na kayar!"

"Bara biyar ka ce."

"Na tuna sauran biyun ne."

A daidai nan matar mai aski ta shigo ta ƙofar da ta haɗa shagon da gida, da tiren shayi. Ta ajiye, ta riƙe ƙugu.

"Rubuta wannan, jikalle. Ina kan soron gidanmu ina shanya, duk na gani. Su talatin suka haɗu a kan gada, kowa na kumbura kamar kwaɗo. Ba wanda ya taɓa wani. Motar shara ce ta yi hon, suka zaci 'yan sanda ne. Wannan kakan naki ya bar takalmi ɗaya, wancan ya bar wando a jikin waya."

Jikar ta yi dariya har biro ya faɗi. Mai aski ya ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, matar ta ce ai ragon yakan dawo.

Fim ya ci gaba. Can wajen ƙarshe, ƙaramin cikin yaran leburori ya faɗo daga rufin masaƙa yana gudu. Shugabansa ya dawo da baya, ya saɓa shi a kafaɗa, yana tafe yana kuka. Almakashi ya tsaya a hannun mai aski. Sifana ya sunkuyar da kai ba tare da an ce ya sunkuya ba.

"Ƙarya ce wannan," mai aski ya ce a hankali. "Ba wanda ke dawowa."

Jikar ta dubi kakarta. Tsohuwar ta ce, "Ku gaya mata, ko ni in gaya mata?"

Mai aski ne ya faɗa. A cikin yaransa akwai wani siriri da ake ce wa Tsinke. A turmutsutsun ranar nan ya faɗo daga gada zuwa busasshen rafi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Mai aski ya ji ihunsa, bai waiwaya ba. Sifana ma ya gan shi, ya wuce. Masu shara ne suka kai shi asibiti.

"Ya mutu?"

"Yana nan daram, yana gyaran agogo layi uku daga nan," in ji tsohuwar. "Shekara hamsin kakanki yana zagaye ta bayan tasha don kada su haɗa ido."

Jikar ta rufe littafinta. "To ku tashi. Ni ba zan rubuta ƙarshen da ban gani ba."

Haka suka fita, Sifana da rabin aski, mai aski yana tsara kalmomin ban haƙuri a ransa. Suka tarar da Tsinke a 'yar rumfarsa, da gilashi maƙale a ido ɗaya, sandarsa jingine da tebur. Ya ɗago ya ƙare musu kallo.

"Ikon Allah! Gada da Layin Dogo a hanya ɗaya? Wa ya mutu?"

Mai aski ya durƙusa da ƙyar. "Tsinke, na zo ne in ce ka yafe mini. Ranar nan na ji muryarka, amma na..."

"Yi shiru!" Tsinke ya waiga gefe da gefe, ya rage murya. "Kana so ka kashe mini kasuwa? Duk layin nan sun san ni kaɗai na tsaya a kan gada na tare mutum goma sha biyar, har suka haɗu suka jefa ni ƙasa. Da labarin nan na auri matata. Yanzu ka zo da furfurarka ka ce gudu muke yi?"

Sifana ne ya fara fashewa da dariya, sai jikar. Mai aski ya so ya yi, amma hawaye suka riga shi. Tsinke ya miƙa masa tsumman goge agogo.

"Na ji haushinka shekara goma," ya ce. "Daga nan na gaji. Yara ne mu, kai ma sha bakwai gare ka. Tashi, kana tare wa masu ciniki hanya."

Mai shayin da ke gefe ya leƙo ya tambayi ko su waye baƙin. Tsinke ya nuna Sifana da sanda ya ce wannan yana cikin sha biyar ɗin. Sifana ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai, har yau in hadari ya haɗu haƙarƙarinsa na ciwo.

Jikar ta cika shafi huɗu maimakon biyu. Malamar ta ba ta shida cikin goma, ta rubuta da jan biro cewa ta kauce daga fim ɗin.