Kwana Uku a Kan Tiren Ram

Shekara talatin na yi ina buga tafireta a ofis, don haka da ƙanena Sallau ya kawo mini kwamfuta ya ce zai koya mini, dariya na yi masa. Ni za a koya wa bugu? Kwana uku na yi ina zuba tarihin zuriyarmu daga bakin Gwaggo Kande, ban kashe na'urar ba, wuta ma ta yi mini kara ba ta ɗauke ba. A rana ta huɗu harshen Gwaggo ya yi nauyi, magana ta gagare ta. Bayan azahar zazzaɓi ya rufe ni, na kifa kai a kan tebur.

Sai ga ni a wani gari kore shar, titunansa na zinariya sirara kamar zare. Daɗi ya kama ni, na hau gudu, ni da gwiwa ta hana ni hawa bene!

"Sannu da zuwa, Barmani," in ji ƙasar da nake takawa. "Ni ce Madabod, shimfiɗar cikin kwamfutarki. Duk wanda kika gani a garin nan, a bayana yake goye."

A tsakiyar gari na tarar da wani tsamurmurin mutum mai hannu huɗu, kowane hannu da aikinsa, gumi na tsiyaya, Fanka na tsaye kansa tana fifita. Wani kalangu na tashi da saurin da kunne ba ya iya bi.

"Furosesa ke nan, mai sarrafa duk aikin garin," Fanka ta raɗa mini. "Kiɗan nan shi ne gigahaz ɗinsa, ma'aunin saurinsa, da shi yake taka rawar aiki."

"Malam, ina maganar Gwaggona?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ni aiki nake yi, ba na riƙo. Tambayi Ram."

Ram doguwar mace ce, tsaye da ƙafa ɗaya, da faffaɗan tire a ka. A kan tiren sunayen kakanninmu ne ke tsalle suna walƙiya, kowanne na kiran kansa da muryar Gwaggo. Na rangaɗa guɗa, hawaye na zuba.

"Hajiya, ki yi guɗar daga baya," in ji ta. "Wuyana ya ƙage. Yaushe za ki sauke ni?"

"Sauke me? Ai na buga. Abin da aka buga ya zauna."

"A takarda ke nan. Ni wuta ce ke riƙe da ni. Tana ƙiftawa, ko sunana ba zan tuna ba."

Ta nuna mini wani ƙaton rumbu da baki a buɗe. "Had-dis nake," ya ce da muryar tsofaffi. "Abin da aka ba ni, ko shekara goma yana nan. Ke kuwa ko harafi ba ki taɓa cewa a adana miki ba."

Sama ta dusashe, kalangun ya fara sarƙewa, tiren ya karkace. Sunan kakan kakana ya gangaro bakin tiren. Na shimfiɗa gyalena na yi kukan kura.

Firgigit na farka. Rubutun na nan a fuskar kwamfuta, amma hadari ya haɗo, iska na buga taga, ƙwan lantarkin ɗaki na ƙifce-ƙifce.

"Sallau! Ina ake dannawa a adana?"

Ya shigo da gudu. "Yaya, kina nufin duk kwana ukun nan ba ki..."

"Bar surutu, danna!"

Ya danna. Na'urar ta nemi suna, na buga Kande, yatsana na sauka wuta na ɗaukewa.

"Ya shiga?"

"Sai an kawo wuta za mu sani, Yaya."

Na wuce ɗakin Gwaggo, na riƙe hannunta, na fara jero sunayen da ka. Duk wanda na faɗa daidai sai ta matse yatsuna. A na bakwai na kakare. Ta zuba mini ido, leɓɓanta na motsi.