Kwarin Yumɓu

Kwarin garinsu duka ya zauna a kan tebur ɗaya. Rekiya ta gina shi da yumɓu a ɗakin gwaji na kwalejinsu a Lafiya: tuddai kamar dunƙulen hannu, rafi siriri, da bangon dam ɗin da take so a yi. Filayen gishiri kuwa da gishirin gaske ta yayyafa su.

Shekarar ce bayan farin da aka yi a tamanin da uku, kuma malamai uku ke duba aikin. Malam Ashafa na ƙasa da duwatsu ya ce wurin zai riƙe ruwa. Madam Ngunan ta yanayi ta ce damina sai gajarcewa take yi. Mista Orshi na zamantakewa ya ƙi sa hannu.

"Sai kin tambayi wanda zai yi asara," in ji shi.

Ba ta yi nisan nema ba. Ranar kasuwa Iya, mahaifiyarta, ta zo daga ƙauyensu na wajen Keana da kwandon gishiri, tana ɗingishin da kurkunu ya bar mata.

Ta daɗe tsaye a kan teburin, kamar shaho bisa gari. Hasken la'asar ya kwanta a kan tuddan.

"Wannan ai ƙwallon mangwaro ne."

"Dutsen bayan gidanmu ne, Iya."

"Karatu ya rame shi. Ina filina?"

Rekiya ta nuna, sannan ta ɗaga buta. Ruwa ya gangaro a hankali, ya taru a bayan bangon. A idonta sai ya zama na gaske: ga mata sun daina tonon yashi neman ruwa, ga yara da ƙafafu lafiyayyu, ga gajimare na yawo a kan tafki. Ruwan ya ci gaba da hawa. Ya lashi gefen farin gishirin, ya haɗiye filin da kakarta ta bar wa Iya, filin da ya biya wa Rekiya kuɗin makaranta. Farin ya dushe kamar hayaƙi.

"Kowa zai sha mai kyau," Rekiya ta ce. "Amma gishiri ya ƙare. Idan kin ce a'a, zan rushe shi."

Iya ta tsoma yatsa ta ɗanɗana. Ta dubi ƙafarta, ta dubi ruwan.

"Ki ce wa malamin naku kin tambaye ni."

"In ce kin ce me?"

"Ki ce na zo na gani."

Ta kwance ɗan kwanon awonta daga bakin zane, ta tara a ƙarƙashin teburin, inda ruwan ya fara ɗiga.

"Kada a zubar da wannan," ta ce. "Zan dafa shi, gishirin ya dawo."