Rabin Maganin Inna Kaltum

Karo na uku ke nan Jamila ta kawo mahaifiyarta, Inna Kaltum, asibiti a Azare daga Giade. Ciwon dai shi ne: fitsari mai raɗaɗi kamar barkono, yanzu har da zazzaɓi da ciwon ƙugu.

Vanessa, mai gwajin fitsari, ta ja Jamila gefe. "Ƙwayar cutar nan tana da 'yan ƙugiyoyi da take maƙalewa da su a mafitsara. In ba a kashe ta duka ba, masu taurin kan ne ke saura. Magungunan baya sun daina yi mata komai, ga shi ta kama hanyar ƙoda. Anya Inna tana shanye maganinta?"

Jamila ta ce tana sha mana, kwalin ai ƙarewa yake yi.

A motar komawa gida Inna ta buɗe sabon maganin, ta raba shi biyu, ta ƙulle rabi a bakin mayafi.

"Inna, wannan fa?"

"Na Jumai maƙwabciya ne. Ita ma abin na damunta, kunya ta hana ta gaya wa 'ya'yanta maza."

"Dama haka kike yi?"

"To da fa? Tun muna amare kwano ɗaya muke ci, sai magani zan ɓoye mata?"

Jamila ta maimaita duk abin da Vanessa ta faɗa. Inna ta kau da kai. "Ranar da Jumai ta sami nata, zan shanye nawa."

Jamila ta san uwarta sarai. Da wannan halin Inna ta raine su, loma ɗaya ma sai ta gutsura wa wani, kuma shi ne yau ke neman ƙodarta. Ta yaya za ta hana ta alheri? Ko ta ƙwace maganin, Inna za ta ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe ta kai wa ƙawarta.

Suna sauka Jamila ta wuce gidan Jumai.

"Goggo, shirya, Azare za mu a gwada ki."

"Ni? Da tsufana in yi fitsari a kwalba in miƙa wa bare? Ba ki da kunya, 'yar nan."

"Yau kam ba ni da ita. Rabin da Inna take ba ki bai warkar da ke ba, ita kuma zai kashe mata ƙoda. Ba zan bar tabarmar nan ba sai da ke."

Jumai ta sassauta murya.

"Mai gwajin mace ce?"

"Mace ce."

"To tashi ki nemo mana mota, kafin yaran nan su dawo daga gona."